'Ya'yan Umma na Kicin

Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta gidan Umma na garin Lanham, a nan Amurka, ya cika da mata. Takalma sun rufe bakin ƙofa har sun gangara kan matakala. Ni ina zaune a falo kan darduma, a wurin da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta ce nan 'yar fari take zama ta karɓi gaisuwa.

Yawancin matan ban san su ba. Wasu da kayan aiki a ƙarƙashin hijabi suka zo, baƙin wando da farar riga irin ta ma'aikatan otal, wata ma ragar rufe gashi na leƙowa ta ƙasan ɗankwalinta, ta manta ba ta cire ba. Akwai 'yan Kano da Zariya, akwai 'yan Maraɗi masu jefa Faransanci a magana, akwai 'yan Ghana. Kowace ta shigo sai ta yi sallama, ta waiga, ta wuce ni, ta nufi kicin. A can ake kukan. A can wata mata da Umma ke kira 'Yar Kumasi take tsaye a jikin firij, ana rungume ta ana cewa, "Ya haƙuri? Mun yi rashin uwa." Sai sun gama da ita sannan wata ta nuna musu ni, su dawo su durƙusa a gabana.

"Ke ce ta Woodbridge? Allah sarki, ashe kina kama da ita. Allah ya jiƙan Mama."

In ce amin. A raina kuwa ina cewa, wace irin kama? Ita fa ta haife ni.

Wata 'yar Maraɗi ta riƙe hannuna ta ce da ba don Mama ba da har yanzu tana shara, yanzu kuwa ita ke kula da kicin ɗin wata makarantar firamare. Wata ta ce Mama ce ta raka ta har ƙofar ɗakin jarrabawa, ta zauna a mota tana jan carbi sai da ta fito. Wani magidanci ɗan Accra mai sayar da abinci a mota ya tsaya daga waje, ya ajiye katan-katan na ruwa ya juya. 'Yata ƙarama ta raɓo kusa da ni ta tambaye ni da Turanci wai su waye waɗannan mutanen, kuma me ya sa suka fi mu kuka. Na ce mata ɗaliban kakarta ne. Gwaggo, da ta ji mu, ta taɓe baki ta ce ƙasa-ƙasa, "Waccan baiwar Allah dai ta fi masu gida zama 'yar gida." Ban taɓa jin daɗin maganar Gwaggo kamar ranar ba, Allah ya yafe mini.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita. Amma gaskiya ko ban rubuta ba ba za a manta ba, tana da bakuna da yawa masu faɗin alherinta. Abin da nake tsoro shi ne labarinta ya zama nasu su kaɗai, a riƙa cewa Mama ta yi, Mama ta ce, har sunan da ni na fara kiranta da shi ya ɓace.

Ina 'yar firamare mahaifinmu ya kawo mu ƙasar nan daga Kano. Injiniya ne, yana aikin gunduma a garin Largo. Ina sakandare ya rasu, ya bar Umma da ni da ƙanena. Ba ta yi boko mai nisa ba, Turancinta na gaisuwa da cefane ne, amma Allah ya ba ta hannun girki. Sai ta fara dafa wa mutanenmu abincin suna da na biki da buɗa-baki a masallaci: masa da miyar taushe, tuwon shinkafa, funkaso, dambun nama. Da wannan ta riƙe gidan.

Wata bazara mai tsananin zafi aka ba ta aikin suna a can jihar Virginia. Tun da safe ta gama, muka jera tukwane da kuloli a bayan mota, muka hau babbar hanya, cunkoso ya riƙe mu har rana ta take. Da muka isa ma ba a fara ci ba sai bayan la'asar. Abinci ya yi daɗi, kowa ya yaba. Washegari waya ta fara ƙara. Wannan na amai, wancan cikinsa ya ɓaci. Kakan jaririn, wani dattijo da ya zo daga Katsina don sunan, sai da aka kwantar da shi a asibiti aka yi masa ƙarin ruwa.

Ni na raka ta dubiya. Ta durƙusa a gefen gadon ta kasa ɗaga kai. Dattijon ya ce, "Hajiya, tashi. Ƙaddara ce, babu wanda ya yi da gangan." Ya warke ya koma gida, babu wanda ya kai ƙara, don ana ganin marayu take riƙo. Amma da muka fito muka shiga mota sai ta ce, "Ƙaddara ce, amma ta hannuna ta biyo."

Ta kife tukwanenta. Ko an kira ta aiki sai ta ce ba ta jin daɗi. Wata nas da suke masallaci ɗaya ce ta faɗa mata akwai horon da ake yi wa masu aikin abinci a ƙasar nan, a koya wa mutum yadda zai kiyaye abinci daga cuta, a yi jarrabawa, a ba shi satifiket. Ta kawo mata littafin. Umma ta juya shi gaba da baya, ta ajiye a kan teburin kicin, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ke, in kin dawo makaranta ki zo ki karanta mini wannan."

"Ke" shi ne sunana a bakinta. Ni ce 'yar fari, kuma Umma irin matan da ne, ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. Idan tana maganata da wasu sai ta ce "wannan yarinyar", daga baya da aure ya kai ni garin Woodbridge na koma "ta Woodbridge". Na san kunya ce, kowa ya faɗa mini kunya ce. Amma ni a nan na girma, ina ganin iyayen ƙawayena suna rungume su a bakin makaranta suna kiransu da sunaye masu zaƙi.

Shi ya sa wannan lokacin na littafin ya fi mini kowane lokaci a rayuwata da ita. Kullum da yamma muna kan tebur, ina karantawa ina mayar mata da Hausa. Na ce mata akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, kuma sun fi yaɗuwa a abincin da bai yi zafi sosai ba, bai kuma yi sanyi sosai ba. Ta ce, "Ko da miyar tana ƙamshi?" Na ce ko da tana ƙamshi. Na san bayan motar nan take tunawa. Idan abu ya shige mata duhu sai ta dafa gwiwata ta ce, "Sake faɗa." Wani lokaci da gangan nake yin sauri don ta dafa. Karon farko ta faɗi jarrabawar, Turancin tambayoyin ya rikita ta. Muka sake bin littafin daga farko. Karo na biyu ta ci. Ta dawo ta ajiye satifiket ɗin a gabana, ta ɗora tanda ta soya mini masa ni kaɗai, ta zuba zuma.

Daga nan ta koma aiki, amma ta zama wata mata daban. Ta yi hayar gurbi a wani kicin mai rajista da masu dafa abincin taro ke amfani da shi, inda duba-gari ke zuwa bincike. Ta sayi ma'aunin zafin abinci, wani ɗan ƙarfe mai kama da tsinke, ta maƙala shi a aljihun gaba, kuma "tsinke" take kiransa har ta koma ga Allah. Ba kazar da za ta sauka daga wuta sai ta soka mata shi a cinya. Lambobin da Turanci ta haddace su, sai ka ji ta ce, "Ba ta kai wan-sisti-faif ba, a mayar." Idan wata ta taɓa tukunya da bayan hannu ta ce ai da zafi, sai Umma ta ce, "Hannunki ba ma'auni ba ne." Idan wata ta sunsuna miya ta ce lafiyarta ƙalau, ta ce, "Da hanci na jin cuta da ban kwantar da tsohon mutane a asibiti ba." Ba ta taɓa ɓoye wannan labarin ba. Da shi take buɗe kowane aji.

Ajin kuwa ba ita ta nema ba. Mata ne suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, masu wanke kwanuka a otal, masu aiki a gidajen kula da tsofaffi, masu son a ƙara musu matsayi amma jarrabawar ta tsaya musu a wuya. Ta share ɗakin ƙasa na gidanmu, ta shimfiɗa tabarmi, ranar Asabar ta zama ranar karatu. Ba ita ke ba da satifiket ba, nata shi ne ta warware musu abin da Hausa har ya zauna, sannan su je su rubuta. Ta koya musu katakon yanka nama daban, na ganye daban. Ɗanyen nama a can ƙasan firij, dafaffen abinci a sama. Shinkafar da ta rage a baza ta a faffaɗan tire ta huce da wuri, kada a rufe ta a babbar tukunya ta kwana da ɗumi. A cire zobe da awarwaro, a yanke farce. Wanke hannu kuwa, da yake ba su da agogo a bakin famfo, sai ta ce, "Ki sa sabulu, ki yi salatin Annabi cikakke sau biyu ba gaggawa, sannan ki ɗauraye. Kin sami lada, kin sami tsafta."

Akwai wata yarinya 'yar Zariya da ke taya ta aiki, ta zo wata rana cikinta ya ɓaci ta ɓoye, don tana tsoron rasa aikin ranar. Umma ta lura tana yawan fita. Ta ja ta gefe, ta kwance mata rigar aiki da hannunta, ta ce ta tafi gida, hakkinta na ranar yana nan. Da yamma ta dama kunu ta kai mata har ɗaki. Yarinyar ce ta ba ni wannan labarin ranar gaisuwa, tana kuka. Ni ban san an yi ba.

Abubuwa da yawa ban san an yi ba, don a lokacin na tafi jami'a karatun haɗa magunguna, daga can aure, daga aure aiki da 'ya'ya da gida a Woodbridge. Ita da kanta ta tura ni, ta ce ba ta so in ƙare a bakin murhu. Na tafi da sanin cewa kujerar nan ta gefen teburin kicin tawa ce. Wani hutu na dawo na tarar da wata a kai.

'Yar Kumasi ce, doguwa, baƙa, mai sanyin murya, za ta ɗan girme ni kaɗan. Ta yi sakandare a Kumasi, tana karanta Turanci sarai, tsoron jarrabawa ne kawai ya kawo ta ajin. Da ta ci ba ta tafi ba. An sake fitar da sabon littafi, ita ke karanta wa Umma abin da aka canza. Hausarta irin ta zango ce, ba ta bambanta mace da namiji, sai ta ce "Mama ya ce", ni kuma in gyara mata a raina ina jin wani ɗan daɗi mara kyau. Na tsaya a ƙofar kicin da jakata ina kallo, Umma ta dafa gwiwar matar ta ce, "Sake faɗa, 'yata."

Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinta a kaina ba. Ashe tana da ita, ajiye ta ta yi.

Da auren 'Yar Kumasi ya mutu ta rasa wurin zama, Umma ta ba ta ɗakina. A waya ta faɗa mini, kamar tana faɗin farashin albasa. "Ɗakin nan a rufe yake, na ce ta shiga." Na ce, "To, Umma, ya yi kyau." Me zan ce? Matar ba ta taɓa yi mini komai ba. Idan na zo ita ke fara gaishe ni, ta karɓi jakata, ta ce, "Sista, sannu da hanya." Da tana da wani mugun hali da na sami sauƙi. Na nemi aibinta shekara da shekaru ban samu ba. Ba a daɗe ba kuma ta daina cewa Mama kamar sauran ɗaliban, ta koma cewa Umma.

Akwai wata rigima da Umma da Gwaggo suka yi a bikin ɗan Gwaggo. Umma ce ta yi abincin. An ci an ƙoshi da rana, aka bar wata babbar tukunyar shinkafa a bayan zauren taro, wutar da ke ƙarƙashinta ta mutu ba wanda ya lura. Bayan magariba wasu baƙi daga dangin amarya suka iso, Gwaggo ta ce a zuba musu. Umma ta zo da kwalliyarta ta biki, ta zaro tsinke daga jaka, ta soka, ta duba, ta ce, "Wannan ba za a ci ba."

Gwaggo ta ce, "Shinkafar da ko tsami ba ta yi ba? A ɗumama mana."

"Wannan ɗumame ba ya gyara ta. Tun azahar take zaune."

"Matar Yaya, ki ji tsoron Allah. Wannan almubazzaranci ne. A gida mutane na kwana da yunwa, ke kin zo Amurka kin koyi zubar da abinci. So kike surukaina su ce ba mu ba su komai ba?"

Umma ta ce, "Gara su ce ba mu ba su ba da su ce mun kwantar da su. Ki ba ni ɗan lokaci, akwai taliya, akwai miya a kan wuta."

Gwaggo ta tsaya a gaban tukunyar ta ce sai dai a bi ta kanta. Mata suka taru. Ina tsaye a nan, kusa da Umma har kafaɗarmu na gogar juna, na riga na fara naɗe hannun rigata. Umma ta ɗaga kai ta duba bayana ta ce, "'Yar Kumasi, zo ki kama mini." Su biyu suka zagaye Gwaggo, suka ɗauki tukunyar, suka fita da ita. Ni na sauke hannun rigata. Gwaggo ta yi fushi mai tsawo, Sallah ta zo ta wuce ba ta taka gidanmu ba, sai da ta kwanta ciwon ƙafa Umma ta riƙa kai mata abinci sannan suka shirya. Kowa ya tuna ranar da rigimar shinkafa. Ni abin da na tuna daban ne.

Akwai kuma ranar da na yi mata farfesun kaza. Ta fara tsufa, ƙafa ta fara nauyi. Na tashi da sassafe na yi shi yadda take so, da citta da kanumfari, na zuba a kula, na hau hanya. Kowa ya san hanyar nan tamu ta Woodbridge, ba ta da tabbas, ranar kuma an yi haɗari a gaba. Na iso a gajiye na ajiye kular a gabanta. Ta buɗe, tururi kaɗan ya tashi, ta ce, "Tun yaushe kika sauke?" Na faɗa mata. Ta miƙa hannu aljihu ta zaro tsinke. A gaban 'ya'yana ta soka shi a cikin farfesuna, ta duba, ta ce a mayar wuta ya tafasa. Gaskiyarta ce, na sani, ni na karanta mata babin. Amma muna jiran ya tafasa 'Yar Kumasi ta shigo daga aiki da ɗan kwano na shinkafa da wake irin nasu na Ghana, ta ajiye. Umma ta jawo, ta yi bisimilla, ta fara ci. Tsinken yana kan tebur ba ta ko kalle shi ba.

Na ce, "Umma, wannan ba a auna shi ne?"

Ta ce, "Ita ta riga ta auna."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Mace mai 'ya'ya, mai digiri, tana kuka saboda kwanon wake. Da na fito farfesun ya tafasa, ta sha kwano guda, ta ce wa 'yata, "Faɗa wa uwarki gishiri ya yi daidai." Wannan shi ne yabo mafi girma da na samu a kan girki, kuma ta bakin jika ya biyo.

Ciwon zuciya da na ƙoda ne suka kwantar da ita. A asibitin da aka kai ta a Largo na ji na zama wani abu. Ni ke magana da likitoci, ni ke duba magunguna, ni ke sa hannu a takardu. Idan nas ta tambayi 'Yar Kumasi ko ita wace ce, sai ta yi ɗan jim ta ce ƙawar iyali, ni kuma in ji sanyi a raina. Amma da aka sallamo ta ta dawo gida, ni sai ƙarshen mako nake samun zuwa. 'Yar Kumasi ta rage aikinta na otal, ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ita ke dafa mata abinci mara gishiri. Na ce zan ɗauke ta ta dawo gidana, Umma ta ce, "Ajin Asabar fa?" A kan kujera ake saukar da ita ɗakin ƙasa, 'Yar Kumasi na koyarwa, ita tana gyara mata da ido.

Wata Lahadi da hantsi muna ɗakinta, ni da Gwaggo da 'Yar Kumasi, ta juya wajen Gwaggo ta ce, "In lokaci ya yi, 'Yar Kumasi ta yi mini wanka. Wannan yarinyar ta zuba ruwa."

Gwaggo ta ce, "Ga 'yar da kika haifa a zaune?"

"Na faɗa dai."

Da suka fita na matso bakin gadon na ce, "Umma, gani kike ban iya ba? Zan koya." Ta juya fuskarta wajen bango ta ce, "Ke dai ki zuba ruwan." Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Gwaggo ta ce mini kunya ce, ba ta so 'yar fari ta ga tsiraicinta. Ƙanena ya ce tausayina take ji. Wataƙila duk gaskiya ne. Ni dai na san an tambayi hannun da ta fi yarda da shi, ta faɗa.

Ta cika ranar wata Talata bayan azahar. Ina wurin aiki. 'Yar Kumasi ce ta laƙƙana mata kalmar shahada, ita ta rufe mata ido, ita ta kira ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A ɗakin wankan gawa na masallaci na riƙe buta kamar yadda aka ce. 'Yar Kumasi ta tsaya a bakin famfo ta wanke hannunta har gwiwa, leɓɓanta na motsi, sannan ta sa safar hannu ta matso. Ta yi wankan a natse, a ƙarƙashin mayafi, ba ta bari komai ya bayyana ba. In ta ce "Sista, zuba," in zuba. Da ta zo kafaɗar hagu sai ta sassauta hannu. Mayafin ya ɗan zame na ga wani tsohon tabon ƙuna mai faɗi. Na ce wannan fa? Ta ce a hankali, "Man gyaɗa ne, tun Kano, Umma yana amarya. Ba ya so a danna wurin." Na rayu a cikin wannan jikin, na sha nononsa, ban san da tabon ba. Ban ankara ba ruwan butar ya zuba a ƙasa.

Bayan addu'ar bakwai mutane suka watse, gidan ya yi faɗi. Da yamma ina tattara kofuna a falo sai na ji ana saukowa da akwati daga sama. 'Yar Kumasi ce, da mayafinta, ta jingina akwatin a bakin ƙofa ta zo ta tsaya a gabana. Ta miƙo mini mabuɗin gidan.

"Sista, gida na magada ne yanzu. Na sami ɗaki wajen wata 'yar garinmu. Ajin ma zan nemi wani wuri, kada mu dame ku."

Na dubi mabuɗin a tafin hannunta. Shekara nawa ina jiran wannan ranar? Na sha kwatanta ta a raina ina tuƙi a kan hanya: ta fita, in buɗe tagogin ɗakina, in mayar da labulena. Ƙanena ya riga ya ce duk abin da na yanke ya yi. Ba abin da ya rage sai in miƙa hannu.

Sai na tambaye ta, "In kun zauna ke da Umma, me take ce miki?"

Ta yi ɗan tunani. "Ba komai fa. Ciwon gwiwa. Labarin unguwarsu a Kano. Yadda babanku ya fara ganinsa a gidan biki." Ta yi murmushi kaɗan. "Wani lokaci yana waƙa in yana tankaɗe."

Ban taɓa jin Umma ta yi waƙa ba. Ban san a gidan biki mahaifina ya gan ta ba. Na dubi akwatin nan na bakin ƙofa, na ga ba tufafi kaɗai za a fita da su ba.

Na ce, "Mayar da akwatin sama."

"Sista…"

"Ba don kirki nake faɗa ba, kada ki gode mini. In kika tafi, da rabin uwata za ki tafi, ni kuma ban yarda ba. Ki zauna a inda zan riƙa samunki. Duk abin da ta faɗa miki sai kin faɗa mini, har waƙar."

Ta tsaya tana kallona, hawaye na zubo mata. Ta rufe hannunta a kan mabuɗin. Ni ban kama mata akwatin ba, ita kaɗai ta ja shi ta hau da shi.

Yanzu duk Asabar ina hanya. Ɗakin ƙasa na cika kamar da, ina jin muryoyinsu daga kicin. In an tashi ta hau sama mu zauna, ta ba ni abin da ta tuna, kaɗan-kaɗan, ni kuma in karɓa ina jin haushin cewa a wurinta nake karɓa. Ban warke ba, ban kuma san ko zan warke ba. Na roƙi Allah ya cire mini, ina kan roƙo.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ta ciyar da bayinka, ta ji tsoron cutar da su fiye da yadda ta ji tsoron bakinsu. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da mahaifinmu a Aljanna Firdausi. Ka saka wa wadda ta yi jinyarta da alheri, na faɗa da bakina, ka san nauyin da ya yi mini. In kuma ka tara mu a can, mu da duk 'ya'yanta na kicin, ya Allah ka sa ni ta fara nema.